Dokin Arewa Zai Iya, Mahayin Nake Shakka

To, Arawa, ku gyara zama, yau da ku nake. Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba: wai me Bature zai koya wa Ba'are a kan doki? Daga Matankari har Tibiri, daga Kiyeshe har Gesheme, babu majalisar da za ka zauna ka rasa mutumin da kakansa ya taɓa mallakar dokin da ya tsere wa iska. Dokin ya mutu, shaidu sun bi shi, labarin ne kawai ya rage, shi kuwa kowace shekara ƙara gudu yake. Ban musa muku ba. Dokin Arewa ya yi suna tun ba yau ba. Amma akwai wata gasa da nake so in kai ku, ko da a baki ne, mu ga wanda zai dawo da hularsa a kansa.

Gasa ce mai jarrabawa uku, wadda a al'ada ake yi cikin kwana uku, doki ɗaya da mahayi ɗaya daga farko har ƙarshe. Waɗanda suka yi lakwal za su gane ta da sunan concours complet. Babu canjin doki, babu aron na maƙwabci idan naka ya gaji. Kafin Alhajin da ke can ƙarshen benci ya ce wasan 'yan gayu ne, bari in tare shi: daga barikin sojan doki ta fito. Da aka shigar da ita wasannin Olamfik a birnin Stockholm a 1912, hafsoshin soja kaɗai aka yarda su hau. Abin da ake nema shi ne dokin da zai bi umarni a fareti, ya ratsa daji da saƙo, gari ya waye kuma a sake ɗaura masa sirdi bai rame ba. Kakanninku da suka mara wa Kabawa baya tun tawayen Yakubu Nabame a 1849 ba sa bukatar tafinta kafin su fahimci wannan. Jikokin ne nake tausayi.

Ranar farko babu gudu ko kaɗan. Fili ne shimfiɗaɗɗe, mita 20 a faɗi, 60 a tsawo, alƙalai na zaune da takarda. Doki zai yi tafiya, ya yi sassarfa, ya yi sukuwa a hankali, ya karkata gefe, ya tsaya cik inda aka ce ya tsaya. Na ji Malam yana dariya: "Ai rawar doki ce, muna da ita tun kafin a haifi kakan Bature." Gaskiya ne, Malam, dokinmu na taka rawa idan makaɗi ya matsa. Sai dai a can abin da ake ba maki shi ne kada a ga lokacin da ka ba dokin umarni. Hannu shiru, ƙafa shiru, doki na aiki kamar shi ya ga dama. Mu fa? Ɗauko linzaminka mu duba tare. Ga ƙarfen nan mai harshe da ke tokare ganɗar doki, ga zoben da ya kewaye haɓarsa. Ranar hawan sallah ka sako shi da gudu, ka zo gaban sarki ka finciko, doki ya zauna a kan ƙafafun baya, ƙura ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma ina jin daɗin kallon, ba zan ɓoye ba. Amma in ka sauka, leƙa kumfar bakinsa, sau da yawa za ka tarar ta yi ja-ja. A waccan gasa alƙali ya ga jini a bakin doki, tsayar da kai zai yi a duba, idan kuma aka gane hannunka ne ko kaiminka, kana iya kama hanyar gida tun ba a je ga gudun ba.

Rana ta biyu ce za ta sa ku miƙe zaune, don ita ce tseren daji. A manyan gasanni irin na Badminton a Ingila, wanda ake yi tun 1949, hanyar ta haura kilomita 6, da tsalle wajen 40 ko fiye, kuma ana so ka riƙe gudun mita 570 a minti ɗaya, wato kilomita 34 da 'yan kai a awa. Shingayen ba na wasa ba ne: gungumen itace, rami, tudu, gangare. Tsayin mai ƙarfi cikinsu yakan kai mita 1 da santimita 20, wani wurin kuma doki zai dira ƙasa daga tsayin da ya kai mita 2.

A nan ne wani zai buga ƙirji ya ce mu ai Allah ya riga ya gina mana filin. Wannan kam na ba ku. Ga yashin Dallol Mawri, ga kwazazzaban da ruwa ya ƙwaƙule daga duwatsu, ga Tapkin Saw a gindin gari, ga dutsen da Dogon Dutsi ya samo sunansa. Turawa kuɗi suke zubawa su ƙera abin da muke da shi kyauta. Tambayata ɗaya ce: yaushe rabon dokinka da ya tsallake wani abu? Ku faɗi gaskiya, ba a gaban surukai kuke ba. In mun iske gungume a hanya kewayewa muke, in rami ne mu sauka mu ja ragama. Dokinmu ya san miƙaƙƙen fili, ya san tasha ɗaya, gaban sarki.

Ga kuma batun ruwa. Zurfinsa a gasar bai wuce santimita 35 ba, na san har kun fara murmushi. To, ba zurfin ne jarrabawar ba. Mahayi yana da damar ya zaga hanyar da ƙafa tun kafin ranar, ya ƙirga taku, ya san inda ƙasa ke da santsi. Dokin bai taɓa ganinta ba. Yana tafe a guje, sai ga gungume, bayan gungumen ruwa na ƙyalli, bai san ko rijiya ce ba. Abin da zai sa ya tashi sama ya faɗa ciki shi ne bai taɓa ganin mutumin da ke bayansa ya jefa shi cikin wahala ba. Bulala ba ta sayen wannan. In ya ƙi tsalle, an rubuta maka maki 20 na laifi. Ya ƙi sau uku, an sallame ka. Ka faɗo, shi ke nan, babu "yaro riƙe mini shi in sake hawa". Kowace daƙiƙa da ka ƙara kan lokacin da aka yanka, ita ma da nata laifin. Kuma ana mutuwa a wannan wasa, doki da mutum, shi ya sa yanzu ake ƙera wasu shingayen yadda za su sake idan an buge su da ƙarfi, aka kuma wajabta hular kwano da rigar kare ƙirji. Baba, ba wanda ya hana ka layarka, amma a ƙarƙashin hular kwano za ta zauna, rawanin kuwa sai an dawo.

Sai rana ta uku, wadda nake ganin a nan za a kwashe yawancinmu. Da sassafe, kafin kowa ya hau, za ka jawo dokinka ba sirdi ba jalala, ka yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri a gaban alƙalai da likitan dabbobi. In ya ɗan ɗingisa, ko da jiya kai ne gwarzon fili, an gama da kai. Wanda ya wuce ne zai shiga tsallen sanduna, masu tsayi har mita 1 da santimita 30, an ɗora su sako-sako yadda kofato na shafa ɗaya za ta faɗo, maki 4 sun tafi. Doki ya kwana da gajiyar daji, yau kuma ana so ya ɗaga ƙafa da natsuwa. Yanzu ku gaya mini, washegarin sukuwa wa ke zuwa turke? Yaro ne ke kai harawa, maigida yana majalisa yana ba da labarin yadda ya wuce kowa. Mikin da sirdi ya yi a gadon baya kuwa, jalala mai ado ta rufe shi har wata sallar.

Bari in ƙara muku wani abin haushi. Maza da mata tare suke karawa, babu rukuni daban, tun 1964 mata ke shiga a Olamfik. A wasannin Tokyo da aka yi a 2021, wata Bajamushiya, Julia Krajewski, ita ta ɗauki zinare, kuma a kan goɗiya. Mace a kan goɗiya, ta bar maza a baya. Kowa na iya yin tsaki ban da ku, mutanen da Sarauniyar Lugu ta tsaya wa sojan Voulet a ƙasarsu a 1899.

Saura hujjarku ta ƙarshe, wadda ita ce mai nauyi: kuɗi. Ba ni da ta cewa. Dawakin da suka yi gasar 2024 a fadar Versailles, inda Michael Jung na Jamus ya ci zinarensa na uku shi kaɗai, suna da fasfo, wasunsu a jirgin sama suka zo. Mu ko da mun tara kuɗin jirgin, dokokin hana yaɗuwar annobar dawaki ta Afirka za su tsare mu a bakin ƙofa. Lambobin Olamfik biyu da Nijar ke da su, na Issaka Daboré a dambe a 1972 da na Abdoul Razak Alfaga a taekwondo a 2016, da hannu da ƙafa aka samo su, babu kofato a ciki. Kuma da rani damin harawa kansa ya isa ya sa mai doki ya fara kallon kabu-kabu da sha'awa.

Amma wa ya ce sai mun je Versailles? Bayan girbi gonaki sun buɗe, kara ya samu. Damman kara sun isa shinge, buhunan yashi sun isa tudu, tapki kuwa yana nan bai je ko'ina ba. Matankari ta kawo nata, Dumega da Kore Mairuwa su kawo nasu, a sa tsayin daidai gwiwa tukuna, ba don raini ba. Sharaɗina ɗaya ne: likitan dabbobi zai buɗe bakin kowane doki kafin a buga ganga, ya sake dubawa washegari. Masu linzamin zobe, ku fara neman maƙeri tun yanzu.