Masu Shinshinar Turaren Wani

Akwai wani irin turare da ya fara shigo mana Batsari da Safana a aljihun samarin da ke karatu a Dutsin-Ma da Katsina, da kuma jakar alhazan da suka dawo Umara. Ba irin wanda ake jerawa a tebur ranar kasuwa kusa da masu madubi da kwalli ba ne. Wasu ƙananan gidajen turare ne a Faransa da Italiya da Ingila ke haɗa shi kaɗan-kaɗan, ba sa tallarsa a talabijin, kwalbar ba ado, rubutun jikinta bai wuce layi biyu ba. Da an fesa, yaji ne ke fara dukan hanci: masoro, kanumfari, kirfa. Can bayan rabin sa'a yajin ya kwanta, sai ƙamshin itace ya taso, sandal da ud, ya zauna a wuyan riga har washegari. Ba a kuma rubuta na maza ne ko na mata ba. Duk majalisar da wannan kwalba ta shiga sai ta raba mutanen wurin gida-gida.

Wanda ke fara miƙo hannu shi ne mai shinshina da kunne. Ko murfin bai buɗe ba zai ce, "Nawa ka saye shi?" Hancinsa ba ya fara aiki sai ya ji amsa. Ka ce masa ɗan kuɗi kaɗan ne, ya kai kwalbar hanci ya yamutse fuska, ya ce dama ya ji wani hamami-hamami, ai araha ba ta ado. Ka faɗa masa gaskiyar farashin, ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya ce tun daga bakin titi ya jiyo ƙamshin manya. Daga nan sai lissafi. Mutumin Batsari ba ya auna kuɗi da naira, da buhun rogo da dankali yake aunawa, don haka kafin a gama shan shayi ya mayar da kwalbar buhuna, ya mayar da buhunan tunkiya mai ciki, ya kuma sanar da jama'a cewa kai kana fesa ƙafar tunkiya ɗaya duk Juma'a.

Kusa da shi akwai mai gaggawar hukunci. Shaƙa ɗaya zai yi, ya yi atishawa, ya ce, "Wanga ai yajin tsire ne! Mi ya rage, ƙuli-ƙuli?" A kwashe da dariya, shi kuma ya hau babur ɗinsa ya tafi da yaƙinin cewa an cuce ka. Ba ƙarya ya yi ba, kanumfarin da ke cikin kwalbar ɗan'uwan wanda mai tsire ke dakawa ne, daga Zanzibar ko Indunusiya duk suka fito. Kuskurensa rashin zama. Turare kashi-kashi yake tashi: sinadaran da ba su da nauyi su ke riga gudu, masu nauyi irin man itace su ke daɗewa a fata. Shi ya yanke hukunci tun shaidu ba su gama shigowa ba, kuma shekara biyu nan gaba in aka ambaci sunanka zai ce, "Au, mai turaren tsiren nan?"

Sai Alhaji. Alhaji ya sauke farali sau ɗaya, ya yi Umara sau biyu, tun daga lokacin babu ƙamshin da zai zama baƙo a wurinsa. Zai karɓi kwalbar da yatsu biyu, ya ɗaga ta sama ya duba ƙasanta, ya ce, "Na ga irinshi a Makka, bayan Harami. Amma wanga an surka." Sai ya laluba aljihun gaba ya fito da 'yar kwalba mai murfin ruwan zinare, ya ɗiga maka baƙin mai a bayan hannu ko ba ka nema ba, ya ce wannan shi ne ud tsantsa, Balaraben da ya sayar masa har rantsuwa ya yi.

A nan ne nake yin shiru don girman Alhaji, amma a takarda zan faɗa. Ud na gaskiya daga wata bishiya yake fitowa mai suna Aquilaria, wadda ke tsirowa a Assam ta Indiya da Kambodiya da Biyetnam. Lafiyayyar bishiyar ba ta da ƙamshin komai. Sai ta ji rauni, wata funfuna ta shige ta, sannan take fitar da baƙin ƙaro don kare kanta, ƙaron ya jiƙa zuciyar itacen shekara da shekaru. A daji, kaɗan ne daga cikin bishiyoyin ke yin haka, an kuma sare su har sun yi ƙaranci, shi ya sa tun 1995 yarjejeniyar CITES ta sa ido a kan cinikin mafi shaharar nau'inta. Gidan turaren Ajmal da alhazanmu ke yi wa kallon na Larabawa, mutumin Assam ɗin ne ya kafa shi a 1951. Abin da ke da wannan wahalar ba a sayar da shi uku riyal goma a kan tabarma. Yawancin ud ɗin da ke yawo a duniya, har da na cikin kwalabe masu tsada, haɗin masana sinadarai ne. Na Alhaji da naka duk an surka, bambancin kawai shi nasa an haɗa masa da rantsuwa.

Wanda ya fi kowa haɗari ga kwalba shi ne ɗan-fesa-mani. Ba ya musu, ba ya kushe, ba ruwansa da farashi. Yabo yake farawa da shi: "Kai, Yaya, wanga turare ya yi! Ɗan taɓa mani nan." Ya miƙo wuyan hannu. Ka fesa. Ya miƙo ɗayan, wai kada ya yi fushi. Sai ya ɗaga hannun babbar riga na dama, ya juya ya ɗaga na hagu, ya cire hula ya tara maka cikinta, yana kallon gefe kamar ba shi ya tara ba. Kana shirin rufe murfi ya zaro hankici daga aljihu, ya warware shi a tafin hannu a hankali, ya ce, "Na mai ɗakina, don ta shaida." In ka nuna alamar nauyin hannu sai ya jawo maka addini, ya ce ai ba a ƙin turare. Abin da malamai suka karantar shi ne wanda aka yi wa kyautar turare kada ya mayar. Shi ya juya hukuncin ya ɗora shi a kan mai kwalba. Bai taɓa sayen ko ɗan goma ba, amma ba a taɓa jin sa ba ƙamshi ba, kuma ya san ranar da kowane ma'aikaci a unguwa ke dawowa daga Katsina.

Akwai kuma mai wanka da shi. Wannan ya sayi nasa da kuɗinsa, Allah ya ƙara buɗi, sai dai ya yi imani cewa in shi bai ji ƙamshin ba to ba wanda ke ji. Hanci kuwa yana gajiya: ƙamshin da ya zauna tare da kai minti kaɗan, ƙwaƙwalwa sai ta daina kawo maka labarinsa. Shi bai san haka ba, sai ya ƙara fesi. Ya ƙara. Sannan ya shigo motar Katsina, a cusa shi baya cikin mutum huɗu a watan Afrilu, gilashin gefe ɗaya ya lalace ba ya sauka. Kafin a bar tasha jaririn da ke cinyar wata baiwar Allah ya fara atishawa, wani dattijo ya ja rawani ya rufe hanci yana salati. Shi kuwa gogan yana kallon kowa yana murmushi, ya ɗauka sha'awa ce ta hana su magana.

Rashin rubuta na maza ko na mata shi ma ya haifi nasa mutanen. Akwai ɗan'uwan da zai riƙe kwalbar nesa da jiki ya ce, "Tsaya tukuna, na wa ne? Kada in shafa na mata in shiga sahu." Ka ce na kowa ne, ya ce abin da ba shi da jinsi ai shubuha ne. Tambayarsa ta biyu ta giya ce, ko akwai sinadarinta a ciki. Wannan tana da tushe, malamai sun yi saɓani a kai, ni kuma ba ni da hurumin raba su. Ta farkon ce ke ba ni dariya. Bintu Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fito da shi a 1920, ake kuma yin sa a Kano, na mai ne ba giya, kuma kwalba ɗaya kakansa da kakarsa suka yi ta shafawa. Da shi ake yi wa amarya, da shi ake zuwa Idi, da shi ake fesa likkafani. Ba wanda ya taɓa tambayar jinsinsa. Turawa ne suka raba turare gida biyu don ciniki, sannan a 1994 Calvin Klein ya fito da CK One na kowa da kowa, aka yi ta shela kamar an gano sabuwar ƙasa.

Uwargida kuwa fassara biyu take yi wa zancen. Ta farko: tun da na kowa ne, to nata ne. Kwalbar za ta yi hijira daga aljihun motarka zuwa kan madubinta ba sallama, ka tambaya ta ce, "Malam, ba kai ka ce ba a rubuta suna ba?" Ta biyu ta fi zafi. Ranar da ka fara shigowa gida da shi ba ta san ka saya ba, za ta karɓi rigarka ta kai hanci, ta yi jim. Da ƙamshin maza ne zalla, shi ke nan. Da na mata ne zalla, ta san inda za ta kama. Wannan da ya tsaya a tsakiya shi ke hana barci. "Wanga ƙamshi na wace ce?" Ka fito da kwalba, ka nuna, ka yi bayani. Ta ce ta ji. Gobe kwalbar na kan madubi, a matsayin shaidar da kotu ta riƙe.

Masanin waya yaro ne, yana aji biyu a jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma. Bai taɓa taɓa kwalbar asali ba amma ya san tarihin kowace: Oud Wood na Tom Ford 2007 ya fito, Amouage kuma a 1983 aka kafa shi a Oman bisa umarnin Sultan Ƙabus. Duk gaskiya ne, daga TikTok ya haddace. Nasa turaren kwaikwayo ne na Lattafa daga Dubai, shi ma ba cikakkiyar kwalba ba, awon sirinji aka ɗura masa. A ɗakinsa akwai kwalaben manya guda uku a jere, duk wayam, ya roƙo su ne don hoto. A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, ilmin turare ya tsaya cak a yankin, majalisa ta huta.

Dalilin katse layin nan, wato matsalar 'yan bindiga, shi ya haifar da wani da ba a cika yi masa dariya ba: mai ɓoyon ƙamshi. Yana da hali, yana da kwalbar, amma ƙauyensu na kallon dajin Rugu. Ya daina sa shadda mai maiƙo, ya ajiye mota a Katsina, yana hawan tsohon babur. Riga ana iya sa tsohuwa, ƙamshi kuwa ba ya ɓuya, kuma ba ka san hancin wa ke kai rahoto ba. Sai dare ya yi, ya rufe ƙofa, ya fesa sau ɗaya a matashin kai. Da safe ya fita yana warin hayaƙin itace kamar kowa.

Hanci ɗaya na yarda da hukuncinsa a duk yankin, na wata gwaggo ce mai haɗa turaren wuta da humra a wajen Runka, wadda ta koyi sana'ar a hannun matan Barno. Aka kai mata irin wannan kwalba. Ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta duba rubutu ba, dama ba ta karanta boko. Ta ce a fesa a gefen mayafinta, ta ninke wurin, ta ci gaba da tsince kajiji a faifai. Sai da aka yi la'asar ta warware ta kai hanci, ta riƙe numfashi, ta fara lissafi da yatsu: kanumfari, masoro, kirfa kaɗan, sandal, saiwar jema. Ta tsaya a na shida, ta sake shaƙa, ta ce akwai wani icce da ba na ƙasar nan ba. Yaron da ya kawo ya duba wayarsa, ya ga ta faɗi biyar daidai. Ya ce, "To Gwaggo, ya yi?"

"Mai haɗin ya iya, ɗana. Amma ya yi rowar sandal, kuma bai sa farce ba. Shi ya sa ba zai kama zane ya kwana uku ba." Ta kuma ce in ya koma ya gaya wa Baturen ya riƙa bari haɗin ya tsumu, kada ya yi gaggawa. Yaron bai iya gaya mata cewa bai san Baturen ba.

Wanda duk Allah ya hore wa irin wannan kwalba, fesi biyu ya wadatar, ɗaya a wuya ɗaya a wuyan hannu. Kada ka fito da ita gaban mai hankici. Ranar da za ka shiga motar Katsina kuma, don girman Allah, ka bar ta a gida.