Koci Ya Ci Wasa 23, Gari Ya Zauna Makoki

A jihar Kentaki ta Amurka, idan kocin ƙwallon kwando na jami'a ya buga wasa 33 ya ci 23, sunan wannan shekarar fari. Baƙo zai ɗauka an yi kuskuren lissafi ne, don haka sai an zaunar da shi an yi masa bayani a tsanake. Abin da ya sami John Calipari ke nan a kakar 2023 zuwa 2024, kuma na bi lamarin tun daga farko har ranar da ya tattara komatsansa.

Kentaki ba ta da ƙungiya a NBA. Abin da akasarin mutanen jihar suka mallaka shi ne ƙungiyar jami'arsu da ke Lexington, wadda ta ɗauki kofin ƙasa sau 8. Zauren wasanta, Rupp Arena, yana cin mutum wajen dubu 20. Kafin kaka ta fara, an saba ganin mutane sun kafa tantuna suna kwana a waje don neman tikitin kallon atisaye, wato 'yan ƙungiya ɗaya suna jefa wa juna ƙwallo babu abokin karawa. Wanda ya kwana cikin sanyi saboda atisaye, ba ka tare shi a watan Maris ka ce masa ya yi haƙuri, ai wasa ne.

Ga kuma mudun da ake awo da shi. Ana buga wasanni tun daga Nuwamba, ana ta hawa jirgi ana sauka, amma duk wannan share fage ne. A Maris ake tsamo ƙungiyoyi 68 daga cikin sama da 350, a shiga sili ɗaya ƙwale, kowane wasa minti 40. Ƙungiyoyi 67 za su koma gida da kashi a hannu. Magoya bayan Kentaki sun san wannan lissafi sarai, kuma duk shekara sun tabbata su ne ɗayan da zai rage.

Calipari ya zo a 2009, ya ɗauki kofi a 2012 da Anthony Davis, a 2015 ya ci wasa 38 a jere kafin Wisconsin ta tare shi a wasan kusa da na ƙarshe. Daɗi ya ɗebi jami'a, a 2019 ta sa hannu a kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 86. Albashinsa na shekara ya haura dala miliyan 8, na gwamnan jihar bai kai dubu 200 ba. Daga nan ruwa ya ɗauke. A kakar da ta ƙare a 2021 ya ci 9 aka ci shi 16. A 2022 wata ƙaramar makaranta daga New Jersey mai suna Saint Peter's ta fitar da shi a zagayen farko.

Masu sukarsa suna da hujja, gaskiya. Salonsa shi ne ya kwaso yara mafi hazaƙa a ƙasar, 'yan shekara 18, su yi shekara guda, su wuce NBA su zama attajirai, shi kuma ya koma kasuwa. Kamar mai kiwo ne da yake sayar da garkensa kaf duk Sallah, ya sake sayo 'yan raguna. Yaran sun amfana ƙwarai, iyayensu ma haka. Sai dai sauran makarantu sun koma tara ƙarti 'yan 23 da 24 da suka ga jiya suka ga yau, kuma a minti biyar na ƙarshe, lokacin da hannu ke rawa, gemu yana da amfani. A kakar 2024 ɗin, biyu daga cikin gwanayen yaransa, Reed Sheppard da Rob Dillingham, daga benci suke fara yawancin wasanni. Bayan 'yan watanni NBA ta ɗauki na farko a lamba 3, na biyu a lamba 8. Tsaron baya kuwa kamar rariya. An ci su sau uku a jere a gida, Florida da Tennessee da Gonzaga, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka buɗe zauren a 1976. Shirye-shiryen rediyo na kiran waya suka cika da malaman ƙwallo, kowa da jerin mutum biyar da ya kamata a fara da su, kuma kowa ya ga matsalar tun watan Nuwamba.

Ranar 21 ga Maris, 2024, a Pittsburgh, aka haɗa su da Jami'ar Oakland, wadda ke jihar Michigan. Cikin azumi ne, kuma a agogonmu dare ya raba, don haka a waya na kalla tsakanin tarawihi da sahur. Oakland ta tayar da wani Jack Gohlke daga benci, ɗan shekara 24, da ƙyalle ɗaure a goshi, wanda ya fito daga wata makarantar rukuni na biyu. Aikinsa guda ɗaya ne: ya zagaya a guje ta bayan abokansa, ya karɓi ƙwallo can nesa da kwando, ya saki tun kafin ƙafafunsa su daidaita. Sau 20 ya jefa daga layin maki uku, 10 suka faɗa, bai gwada ko jifa ɗaya daga kusa ba. Ya tashi da maki 32. Sheppard ya tashi da 3. Calipari na bakin layi yana ɗaga hannu yana kwarara ihu, ƙwallo na ta wucewa ta saman kan yaransa. Aka tashi 80 da 76.

Washegari jiha ta wayi gari da magana ɗaya, a kore shi. Sai aka buɗe takarda. Korarsa za ta ci wa jami'a sama da dala miliyan 33, a biya mutum wannan kuɗi don ya je ya zauna a gida. Gaba kura, baya sayaki. Daraktan wasanni Mitch Barnhart ya fito ya sanar cewa koci zai ci gaba da aikinsa. Da kora ta gagara, abin da ya rage a hannun jama'a shi ne baki, kuma ba su yi rowarsa ba.

Al'adar tsohuwa ce a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka. A Janairun 1965, motar ƙungiyar Jami'ar North Carolina ta dawo gida bayan Wake Forest ta lallasa ta, sai 'yan wasa suka tarar ɗalibai sun rataye mutum-mutumin kocinsu, Dean Smith, a gaban zauren wasa. Ɗan wasansa Billy Cunningham ne ya sauka daga mota ya fizgo shi ƙasa. Smith ya zauna har 1997, ya ci wasa 879 da kofi biyu, ya horar da Michael Jordan, kuma tun yana kan aiki aka gina zaure aka sa masa sunansa. A Jami'ar Duke ma, koci Mike Krzyzewski ya sha kashi sau 17 a 1982, ya sake shan 17 a 1983, masu ba da gudummawar kuɗi suka nemi a sallame shi, daraktan wasanni Tom Butters ya ƙi. Kofi biyar ya kawo musu daga baya.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai yaran ne. Koci yana da miliyoyinsa da lauyoyinsa. Yaro ɗan 19 da ya zubar da jifa huɗu a dare guda, shi zai koma ɗakin kwanan ɗalibai ya buɗe waya ya karanta abin da sa'o'in babansa suka rubuta a kansa. Duk dutsen da aka jefi koci da shi, sai ya bi ta kansu kafin ya isa.

Makonni kaɗan bayan wasan Oakland, Jami'ar Arkansas ta yi wa Calipari tayin shekara biyar, dala miliyan 7 a shekara, da sa hannun abokinsa John Tyson, attajirin kamfanin kaji na Tyson Foods. Ya tafi da ƙafarsa, Kentaki ba ta biya shi kuɗin sallama ba. Ta ɗauko Mark Pope, kyaftin ɗin ƙungiyar da ta ci kofin 1996, zaure ya cika maƙil don kawai a ga an gabatar da shi.

Ranar 1 ga Fabrairu, 2025, Calipari ya dawo Rupp Arena da jar riga, tare da uku daga cikin tsofaffin yaransa da suka bi shi. Kafin nan Arkansas ta fara wasannin rukuninta da shan kashi biyar a jere, can ma an fara gunaguni. Da ya shigo, zauren da ya yi shekara 15 yana aiki a ciki ya tarbe shi da eho, da ɗan tafi jefi-jefi. Arkansas ta ci 89 da 79.