Ina Ruwan Ɗan Kutemeshi da Sojan Ruwa?

Ƙanena, na ji labarin da ka baza a teburin mai shayi, wai kai sojan ruwa za ka shiga. Na kuma ji dariyar da aka yi maka, har wani ya tambaya ko a kududdufin bayan gari za a ɗaure maka jirgin. Rabu da su. Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma babu inda aka rubuta cewa sai wanda aka binne cibiyarsa a Legas ko Kalaba ne zai yi gadinta. Aikin gwamnatin tarayya jiha-jiha ake rabawa, Kaduna tana da kasonta, Birnin Gwari kuwa har safiyar yau tana cikin Kaduna, ko da yake hanyar Buruku takan sa mutum kokwanto.

Ka fara tanadar abin rufe bakin 'yan majalisa, don su ne abokan gabarka na farko. In suka ce Bahaushe bai gaji teku ba, ka tambaye su sunan babban jirgin yaƙin da aka ƙera wa Najeriya a Jamus, wanda ya kama aiki a 1982. Aradu sunansa. Wato abin da tsofaffinmu ke tsoron rantsuwa da shi, shi aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfe. An yi Dorina, an yi Damisa, ga Kada da ya iso a 2022, har da wani Kyanwa, wanda nake zaton saboda ɓerayen ɗanyen mai aka raɗa masa. Rundunar da ta ari namun dajinmu kaf ta sa wa jiragenta ba za ta ce ba ta san mu ba. In sun ƙi yin shiru, ka ambato Murtala Nyako, mutumin Mayo Belwa, wanda ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992 kafin duniya ta san shi da Baba Mai Mangoro, ka ɗora da Awwal Zubairu Gambo, Bakano, da ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023. A zamaninsa ne aka ce za a kai sojan ruwa Kano, 'yan Kudu suka yi ta tambayar ina ruwan, aka kuwa kafa kwaleji a Dawakin Tofa ba tare da an jira amsa ba. Mu ma a jiharmu akwai makarantarsu ta koyon sarrafa makamai a Kachia, inda teku mafi kusa sai an yi sallar ƙasaru kafin a gan ta.

To, an gama da majalisa. Saura tekun gaskiya, wadda sunanta sabis.

Ɗaukar kuratan sojan ruwa yanzu ta intanet ake yi. A buɗe shafi na 'yan makonni, a rufe. Ba a aiko sanƙira, ba a faɗa a masallacin Juma'a. Saboda haka horonka na farko shi ne sanin bishiyar da sabis ke sauka a kanta. Kowane gari a gabashin Birnin Gwari yana da tasa, daga Kuyello har Dogon Dawa, ko wani tudu da ake hawa a ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Wanda ya rayu a nan a ƙarshen 2021, lokacin da gwamnati ta datse layukan waya gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, ya riga ya ci jarrabawar haƙuri, sai dai ba a ba da takardarta. Shawarata ita ce ka yi abota da mai shagon kwamfuta a cikin Birnin Gwari ko Funtuwa, ka riƙa kai masa gyaɗa lokacin kaka, domin ranar da aka buɗe shafin ya tuna da kai. Ka kuma riƙa kasa kunne ga rediyon Kaduna, ya fi ɗan'uwanka na Facebook gaskiya, wanda tun bara yake turo sanarwar shekara uku da suka wuce yana cewa a yi sauri.

In ka zauna gaban kwamfutar, kada ka bar yaron shago ya cika maka fom kai kana cin rake a waje. A nan ake mutuwa. Akan nemi kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Mai takardar sakandare akan so shi tsakanin shekara 18 da 22, kuma marar aure, don haka maganar da ka fara kai wa gidan su wance sai ka sa mata birki. Akwai ma'aunin tsayi, ka karanta na shekarar da idonka, kada ka dogara da tulin gashin da ka tara, aski ne farkon abin da za su yi maka. Sai lambar NIN, sai takardar haihuwa, sai shaidar cewa kai ɗan ƙaramar hukumar Birnin Gwari ne, sai fom ɗin amincewar iyaye da na wanda zai tsaya maka.

Yanzu ka baje takardun nan a tabarma ka kalle su da kyau. A ta firamare kai Muhammadu ne. A ta sakandare ka zama Mohammed. A katin ɗan ƙasa wani mai gaggawa ya taƙaita ka zuwa Muhd. An haife ka a 2004 a wata takarda, a wata kuma sai da ka jira har 2006, ranar ɗaya ga Janairu, tare da rabin samarin ƙasar nan. A gari kowa ya san mutum ɗaya ne, mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon unguwa. A wurin tantancewa kuwa mutum uku ne suka zo neman gurbi ɗaya, kuma dukansu za a koro. Ka je kotu ka yi rantsuwa, ka gyara abin da ke gyaruwa, tun kafin a buɗe shafi. Wannan aikin ba daɗi, ba a ɗaukar hotonsa a sa a waya, amma ya fi tsallen kwaɗo ɗari da kake yi da asuba amfani.

Daga nan sai wani bawan Allah ya ɓullo. Kullum yakan ɓullo. Yana da yaya a hedikwata a Abuja, ko kuwa shi da kansa kwamanda ne, ga hotonsa cikin fararen kaya a WhatsApp, sai dai fuskar ba ta cika zama daidai kan wuyan ba. Zai ce akwai gurbi biyu da suka rage na manya, ka turo abin goro kafin la'asar. Wani maƙwabcinmu ya taɓa sayar da buhun masara takwas da ɗan maraƙi ya tura. An kuwa aiko masa da takardar kama aiki mai tambari har biyu, kyakkyawa, yanzu haka da ita ake fifita wuta. Fom ɗin kyauta ne, rundunar da bakinta take nanata haka duk shekara. Na san abin da wuyar yarda, don an rene mu a kan cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma a wannan karon mai neman kuɗinka shi ne mafaraucin, kai ne zomon.

Ka kuma san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa, don ba ɗaya ba ce. Mai son zama kurtu, in ya tsallake jarrabawa da awon likita, Onne za a tura shi a Jihar Ribas, ya sha horon wasu watanni. Mai son zama hafsa tun daga tushe sai ya bi ta JAMB ya nemi NDA, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, mazauninta na yanzu yana Afaka, kusan a bakin hanyarmu. Ka lura da wannan abin mamaki: hafsan sojan ruwa a Kaduna ake fara dafa shi, cikin ƙurar hunturu, leɓe a tsage. Wanda kuma ya riga ya yi digiri da bautar ƙasa yana da gajeriyar hanya tasa daban. Kada ka cika fom ɗin kurtu sannan ka sa a fara kiranka Admiral a gida. Mahaifiyarka za ta yarda, ita ce matsalar.

Batun iyo kuwa, na san ka taɓa haye rafi da damina riƙe da wutsiyar sa. Ba a lissafa wannan. An ce iya ruwa fidda kai, to ka nemi wanda ya iya ya koya maka a inda ƙafa ke taɓa ƙasa, kada ka je Kogin Mariga cikin Agusta ka ce gwaji kake. Ka kuma shirya wa ruwan da ba a sha, ba a wanki da shi, ga gishiri kamar an yi ɓarin miya, ga jirgi na rawa ba kiɗa. Kuma kada ka yi mamaki in bayan duk wannan an turo ka Baga a bakin Tafkin Chadi, ko Lakwaja, ko ma a miƙa maka bindiga a ce ka nufi daji a rundunar haɗin gwiwa. Ka gudu daga dajin Kamuku, ka zaga ta Fatakwal, ka dawo dajin da takalmin gwamnati.

Akwai sauran magana ɗaya. Na ji kana cewa soja a jininku yake, wai kakanka sojan ruwa ne tun zamanin Turawa, har ka fara tunanin neman takardunsa ka haɗa da naka. Allah ya jiƙan Baba, amma a yi hattara. Sojan ruwan Najeriya a 1956 aka kafa shi, yaƙin Hitila kuwa ya ƙare tun 1945. Jirgin ruwa dai ya hau, babu musu, don a 1943 da 1944 an kwashi runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma zuwa yaƙin Bama. Sai dai fasinja ne, kuma bisa abin da ya riƙa ba mu labari, amai ya yi tun daga Ikko har Indiya.

In da gaske kake son bin sawunsa, lambar soja ita ce mabuɗi. Suna kaɗai ba ya kai ka ko'ina, domin Bature yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari, wane Zariya, wane Katsina, ko da daga Tabanni ya fito. Ka duba lambobin yabon da ke ƙasan adakar Hajiya da littafin sallama, in yana nan. Ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji a Kaduna, su da ake gani da jar fulawa a ƙirji gabanin 15 ga Janairu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa ma yana Kaduna. Waɗanda ba su dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta zuba sunayensu a intanet, sai ka koma kan bishiyarka ka bincika. Na baya-bayan nan kuwa, masu bin fansho da garatuti, hanyarsu hukumar fanshon soja ce a Abuja, kuma tambayar farko da za a yi wa magada ita ce ina lamba, ina takarda.

Na tambayi Hajiya littafin sallamar Baban a makon jiya. Ta ce yana nan lafiya lau a rufin ɗaki, cikin ƙwarya, inda ya ajiye da hannunsa. Muka sa yaro ya hau ya sauko da ita. Gara ta cinye shekarun aikin, ta cinye sunan bataliya, ta haɗa da rabin lambar, ta bar mana hoton babban yatsa.

Don haka in ka je Funtuwa cika fom, ka sayo gwangwani mai murfi. Biyu za ka sayo, Hajiya ta ce tana son ɗaya.