Garkuwa a Jikin Ƙusa

Maƙwabcin shagona mai walda ne, kuma yana da garkuwar fuska, irin mai ɗan baƙin gilashi a tsakiya. Tun bara take rataye a jikin ƙusa, har zanzaro ya yi gini a ciki. Baƙin tabarau na 'yan gayu yake sawa, shi ma ba kullum ba. In aikin ɗan kaɗan ne, sai ya runtse ido ya kau da kai, ya bar hannu da lalube.

Hasken walda kuwa ba ya karɓar bashinsa nan take. Shiru yake ƙona saman ƙwayar ido, sai bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya kwanta, ya ji kamar an watsa masa yashi. Washegari a fito ido jawur, hawaye shaɓe-shaɓe.

Ran 28 ga Afrilu, ranar kiyaye lafiyar ma'aikata ta duniya, na ce, "Maigida, ga garkuwa can fa."

Ya ce, "Haba Malam, ta ranar zuwan masu duba aiki ce. In na sa ta yanzu, ai ta tsufa kafin su zo."

Ya juya ya daka wa yaronsa tsawa, wai ya daina kallon wutar kada ya lalata idonsa.