Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar EASA a Kan Lasisin Baƙon Matuƙi

Zuwa ga Hukumar Kula da Amincin Sufurin Jiragen Sama ta Tarayyar Turai, birnin Kolon, ƙasar Jamus.

Lasisin tuƙin jirgin sama ba matuƙi yake bi ba, haruffan da aka rubuta a jikin jirgi yake bi. Haka yarjejeniyar Shikago ta tsara tun ranar 7 ga Disamba 1944, wadda ita ce ta haifi hukumar sufurin saman duniya, ICAO, da ke Montreal. Sashe na 32 ya wajabta wa matuƙi riƙe lasisin ƙasar da aka yi wa jirgin rajista, ko wanda wannan ƙasar ta buga wa hatimin amincewa. Sashe na 33 kuma ya wajabta wa sauran ƙasashe su karɓi wannan lasisin idan jirgin ya shigo sararin samaniyarsu, muddin ya cika ƙa'idar ICAO. Kowace ƙasa da haruffanta: Jamus D, Faransa F, Amurka N, Nijeriya 5N, Nijar 5U, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa A6.

Abin da wannan tsari ya haifar shi ne dalilin rubuto wa Hukuma. Kyaftin mai lasisin wata ƙasa yana iya ɗauko Airbus A330 maƙare da fasinja, ya keto hamada cikin dare, ya sauka a Frankfurt ana tsuga ruwa, hasumiya ta ba shi hanya ba tare da ta tambaye shi inda ya yi makaranta ba. Idan ya fito ya taka zuwa ƙofa ta gaba, zai tarar da wani A330 a tsaye, ƙirar kamfani ɗaya, kowane maɓalli a inda ya san shi, sai dai a jikinsa an rubuta D. Wannan kam doka ba ta yarda ya tashe shi ba. Mutumin da aka amince ya ratsa ta saman gidajen mutanen Frankfurt da asuba, kafin hantsi ya koma ɗalibi. A takardun Hukuma sunansa mai lasisin ƙasa ta uku, ƙasa ta uku kuwa ita ce duk duniya in aka cire ƙasashe 31, wato 27 na Tarayyar da wasu 4 da suka raɓu da ita.

Akwai zargi ɗaya da ya kamata a wanke Hukuma daga gare shi tun da wuri: ita ba ta ba kowa lasisin tuƙi. An kafa ta a 2002, ita ta tsara ƙa'ida mai lamba 1178 da Tarayyar ta zartar a 2011, sannan ta bar wa hukumar kowace ƙasa aikin buga kati. A Jamus LBA ce, a Faransa DGAC, a Ostiriya Austro Control. Ƙa'ida ɗaya suke karantawa, amma kowace da kuɗin rajistarta, da harshen fom ɗinta, da tsawon lokacin da takan ɗauka kafin ta amsa wasiƙa. Kuma ƙasar da ke riƙe da fayil ɗin lafiyar matuƙi ita ce mai ba shi lasisi. Saboda haka baƙo yakan zaɓi ƙasa tun bai buɗe littafi ba, ta hanyar zaɓar inda zai fara cire riga a gaban likita. Gwajin farko na aji na ɗaya sai a cibiyar da aka amince da ita: ido, rarrabe launi, ji, bugun zuciya, jini da fitsari. Bayan hatsarin jirgin kamfanin Germanwings na 2015 an ƙara binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da na ƙwaya da barasa. Takardar lafiyar da ya zo da ita daga gida, ko jiya aka sa mata hannu, sai ya adana ta don tarihi.

Daga nan sai jarrabawa, inda Hukuma ta fi shahara. Babban lasisin tuƙin jiragen fasinja, ATPL, yana da takardu 13. A da 14 ne, sai aka haɗe na sadarwa biyu suka zama ɗaya, kuma ana godiya da wannan rangwame. Akwai dokokin sufurin sama, akwai ƙirar jirgi da injinsa, na'urorin gaban matuƙi, nauyi da daidaito, ƙarfin tashi da sauka, tsara tafiya, yanayin sama, sanin hanya iri biyu, jikin ɗan'adam da iyakarsa, da sauransu. Kowace takarda sai an ci kashi 75 cikin ɗari. Duk 13 ɗin sai an gama su cikin wata 18, a zama bai wuce 6 ba, kuma kada a gwada takarda ɗaya fiye da sau 4. Wanda ya ci 12 ya kasa ta ƙarshe har sau 4, sai ya koma farko, har da goma sha biyun da ya riga ya ci. Kyaftin da ya tara awoyin da ake buƙata, kuma yana da shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgin da za a gwada shi da shi, ana iya ɗauke masa zaman aji. Jarrabawar ce dai ba a ɗauke wa kowa.

A zauren jarrabawar akan ga dattijo mai furfura, wanda ya shekara ashirin kwamfutar jirgi tana yi masa lissafi, ya tura tabarau bisa karan hanci yana jujjuya faifan roba na lissafin iska, irin wanda ya rabu da shi tun yana ɗan makaranta. A gefensa ɗan shekara goma sha tara ne, wanda bai taɓa ɗaukar fasinja ko ɗaya ba, ya gama tuni yana kallon agogo. Yaron ya haddace tambayoyin shekarun baya, dattijon kuwa yana ƙoƙarin amsawa da abin da ya sani, kuma sau da yawa yaron ne ke fin maki. Ana tambayar yadda ake bin hanya a kusa da ƙuryar arewacin duniya, inda allurar kamfas ke rikicewa, ko da aikin da mutum yake nema bai wuce tsakanin Madrid da Lisbon ba. Ana tambayar sassan cikin kunne. A takardar yanayi akwai iskokin Turai masu suna, irin su Mistral da Bora, kuma akwai iskar hunturu ta Afirka ta Yamma. Matuƙin da ya yi shekaru yana laluben titin filin jirgin Kano cikin hazon Janairu zai zauna a ɗaki mai ɗumi a Turai, ya zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu a kan daga wace kusurwa wannan iska take kaɗowa.

Duk da haka Hukuma tana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A watan Yunin 2020, bayan hatsarin jirgin kamfanin PIA na Pakistan a Karachi, ministan sufurin saman ƙasar na lokacin, Ghulam Sarwar Khan, ya bayyana cewa cikin matuƙan ƙasar 860 akwai 262 da ake shakkar lasisinsu. Hukuma ta dakatar da kamfanin daga shiga Turai, ba ta ɗage takunkumin ba sai a Nuwamban 2024. Wanda ya ji wannan ba zai ce a karɓi kowace takarda ido rufe ba. Ƙa'idar ICAO mafi ƙarancin abin da ake so ce, kuma ba kowace ƙasa ke tsare ta da gaske ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, jarrabawa 13 ba ta tambayar wace ƙasa ce mai tsarewa, kowa mudu ɗaya ake auna masa. Yarjejeniyar da ke tsakanin Tarayyar da Amurka ma a kan ƙaramin lasisin tuƙi na ƙashin kai ta tsaya, ba ta kai ga na neman abinci ba.

Mutanen Birtaniya sun ɗanɗana wannan bayan ficewar ƙasarsu daga Tarayyar. Ranar 31 ga Disamba 2020 lasisinsu na Turai ne, washegari ya zama na ƙasa ta uku, ba tare da kowa ya manta tuƙi cikin daren ba. Masu hangen nesa sun riga sun kwashe fayilolinsu zuwa Ayalan da Ostiriya, yadda kamfanin easyJet ya buɗe reshe a Vienna tun 2017 ya sauya wa jiragensa da yawa haruffa. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Bayan takardu sai gwajin tuƙi a gaban mai jarrabawa, galibi a na'urar kwaikwayon jirgi, da gwajin Turanci, wanda tun 2008 ICAO ta ce kada ya gaza mataki na 4 cikin 6. A tsarin Hukuma mataki na 4 shekara 4 yake yi, na 5 shekara 6, na 6 kuwa har abada. Mai tsohon hannu a nan yake gamawa. Sabon hannu kuwa, irin wanda ya fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964 ko wata makamanciyarta, da awoyi ɗari biyu da 'yan kai a littafinsa, da sauran tafiya a gabansa: ƙarin horo a makarantar da Turai ta amince da ita, kwas na tuƙin mutum biyu, kwas na daidaita jirgin da ya kauce wa hannu, sannan shaidar ƙwarewa a kan A320 ko Boeing 737, wadda kuɗinta dubban Yuro ne masu yawa kuma sau da yawa daga aljihunsa za su fito. Ko bayan wannan, babban lasisinsa a daskare yake sai ya tara awoyi 1,500, daga ciki 500 a jirgi mai matuƙa biyu. Akwai gajeriyar hanya, a buga wa lasisin gida hatimin amincewa, amma na shekara ɗaya ne, kuma sau ɗaya ake tsawaita shi.

Don kada Hukuma ta ga kamar ita kaɗai ake yi da ita, Amurka ma da nata salon. A can takarda ɗaya ce, ana cin ta da kashi 70, bayan kwas na awa 30 a aji da awa 10 a na'ura. Sai dai baƙo ba ya fara irin wannan horo sai hukumar tsaro ta TSA ta ɗauki zanen yatsunsa ta bincike shi, al'adar da ta samo asali daga harin 11 ga Satumba 2001. Kuma tun 2013 mataimakin matuƙi ma a kamfanin fasinja sai da babban lasisi, wanda a ƙa'ida awoyi 1,500 yake nema. Dokar ta biyo bayan hatsarin Colgan Air na 2009 kusa da Buffalo, inda mutum 50 suka rasu, ko da yake matuƙan jirgin su biyu kowannensu ya haura waɗannan awoyin.

To, a ce baƙo ya haye duk wannan, kati ya zo hannu. Ya zauna zai cike fom ɗin neman aiki, sai ya tarar tun a layukan farko, kafin a tambayi awoyinsa, ana tambayarsa ko yana da cikakken izinin zama da aiki a Tarayyar Turai. Amsa biyu ce, e ko a'a, kuma mai a'a ba ya ganin shafi na biyu. Kamfanonin Turai ba kasafai suke nemar wa matuƙi biza ba, domin suna da 'yan gida masu irin wannan kati suna jira. Na Amurka ma haka, in ban da 'yan Ostireliya da aka ware wa biza ta musamman mai suna E-3 tun 2005, wadda ƙananan kamfanoni suka yi ta ɗibar matuƙa da ita lokacin da suka rasa hannu. Wannan ba hurumin Hukuma ba ne, na ma'aikatun shige da fice ne. Amma makarantun da ke karɓar kuɗin karatun sun san da shi, kuma ba su cika ɗaga murya a kansa ba.

Shi ya sa masu irin wannan kati da yawa suke ƙarewa a Dubai da Doha da Abu Dhabi. Emirates da Qatar Airways da Etihad sun dogara ne da baƙin matuƙa, su suke nemo biza, sauya lasisi a can bai kai rabin wahalar na Turai ba, kuma ba a cire harajin albashi. Sharaɗinsu awoyi ne masu yawa a jirgin jet, abin da sabon hannu ba shi da shi. Bizar kuma a jikin aikin take. A 2020, da annobar korona ta ajiye jirage a ƙasa, matuƙan da aka sallama sun rasa albashi da gida da izinin zama kusan lokaci guda. Indiya tana ba baƙo izini na wucin gadi ne kawai, da niyyar ɗan ƙasa ya karɓi kujerar. A manyan kamfanonin Turai da Amurka kuwa, inda girma yake bin ranar da aka ɗauki mutum aiki, kyaftin da ya sauya gida yakan koma kujerar dama ta mataimaki, a ƙarshen layi, a bayan waɗanda a wani wurin shi zai koya musu.

Abin da ake roƙon Hukuma bai taka kara ya karya ba. Na farko, ta sa makarantu su rubuta da manyan baƙaƙe a shafin farko na takardar shiga cewa lasisi ba izinin aiki ba ne, kafin a kai ga shafin lambar asusu. Na biyu, ta duba yiwuwar rage takardu ga ƙasashen da ta bincika ta gamsu da su, tun da binciken ba baƙon abu ba ne a wurinta. Tambayar iskar hunturu kuwa, ana roƙon a yafe ta ga duk wanda littafin awoyinsa ya nuna ya taɓa sauka a Kano ko Yamai tsakanin Disamba da Fabrairu.

Ana kuma tunatar da Hukuma cewa katin da ke zaune a aljihu ma yana cin kuɗi. Takardar lafiya galibi shekara ɗaya take yi, haka shaidar tuƙi da na'ura cikin gajimare, haka shaidar samfurin jirgi. Wanda bai sami aiki ba shi zai biya likita, ya yi hayar na'urar kwaikwayo da mai jarrabawa kowace shekara don kada su mutu a hannunsa. Yana cika shekara 65 kuma, doka ta hana shi tuƙa jirgin fasinja na haya, ko ya taɓa amfani da katin ko bai taɓa ba.