Masu Neman Sarki a Dara

A birnin Nottingham na Ingila akwai kamfanin Games Workshop, wanda tun 1987 yake sayar da wasan Warhammer 40,000. 'Yan sojojin roba ne da ba su fi ɗan yatsa ba, mutum ya saya, ya shafa musu fenti, ya jera su bisa tebur a gwabza. Babban kukan masu wasan shi ne an yi wa rundunarsu ƙwange: wancan ɓangare an ba shi maharba da motocin yaƙi, su kuwa an bar su da dakaru. Mu a Tambuwal darar da ake bugawa a gindin dogon yaro gida 30 ce, kowa da 'ya'ya 12, wannan kara, wancan tsakuwa, ba babba ba yaro. Ka jera uku ka ci ɗaya. Sai ka ce nan babu abin ƙorafi. Akwai, har da na sayarwa.

Na gaba-gaba cikin masu ƙorafin shi ne Masanin Tarihi. Da an ci masa 'ya'ya biyu sai ya gyara zaman hula ya ce, "Wanga wasa bai cika ba. Ina 'yan lifidi? Ina barade? Ina 'yan baka?" Daga nan ya tunatar da kowa cewa garin nan mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne, bai dace jikokin mayaƙa su riƙa tura tsakuwa marar muƙami ba. Abin da ba ya son a tuna masa shi ne yaƙin Tabkin Kwatto na 1804. Ranar nan Sarkin Gobir Yunfa ne mai dawaki da lifidi, dawakin jama'ar Shehu kuwa ba su taka kara sun karya ba, amma kibiya ta raba gardama. Idan ka faɗa masa haka, sai ya ce ai yanzu dara ake yi, a bar zancen tarihi.

Sai Mai Zargin Ɓangare. Shi a wurinsa kara ba ya da sa'a, iska ma kayar da shi take yi. A yi musaya a ba shi tsakuwa, a sake cinye shi, ya ce tsakuwar yau ba irin ta da ba ce.

Ɗan Boko kuma ya dawo hutu daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da darar Turawa a jaka: gida 64, kowa 'ya'ya 16, iri shida, har da sarki da sarauniya da doki mai tsalle a karkace. Ya tsaya a kan dattawa yana girgiza kai, wai wasan da babu sarki ta yaya za a san an yi nasara. Wani tsoho da ya shigo daga Dogon Daji ya ce, "Zamna, ɗana, in gwada maka." Kafin a kira la'asar tsohon ya kafa masa tarkon nan na je-ka-ka-dawo, ɗa guda yana fita yana komawa, kowace komawa da ci. Yaro ya tashi da 'ya'ya biyu, yana cewa, "Baba, da da sarauniya da ba haka ba."

Ɗan Siyasa shi ɓangare biyu ne suka yi masa kaɗan. Ludo ma, in ji shi, launi huɗu gare ta. Yana fara wasa da kara, in ya ga tsakuwa ta yi rinjaye sai ya miƙe wai ƙafarsa ta yi sanyi, ya zagayo ya zauna bayan mai nasara yana ba da shawara.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Mai Murfin Kwalba. Tsakuwarsa ɗaya ta ɓace, aka ce ya cike da abin da ya samu, ya tsinto murfin lemo. Wasa na tafiya lafiya, sai ka ga murfin ya tsallake gida biyu. A ce, "Haba Alhaji!" Ya ce, "To ai wanga kwamanda ne, ba ku ga shi kaɗai ke ƙyalli ba?" Tun daga ranar kullum tsakuwarsa 11 ce, ta goma sha biyun kuwa tana aljihun gaba na rigarsa, kowa na jin ƙararta in ya sunkuya.

'Yan kallo ba sai an faɗa ba. Ba su taɓa haƙa gida ɗaya ba, amma kowannensu da dokar da ya kamata a ƙara.

Shawarata ga masu haƙa dara daga Jabo har Kebbe ita ce, kafin a fara zubi a ƙirga 'ya'yan kowa a fili, a kuma laluba aljihun Alhaji.