Nasiha ga Mai Neman Shahara a Fagen Mugunta

Duk wanda aka jarrabe shi da sha'awar mallake duniya, alhali ba shi da ƙarfin damtse balle rundunar mayaƙa, to wajibi ne ya ɗauki karatu wajen Mista Mind, mugun nan da Otto Binder da C. C. Beck suka ƙaga cikin mujallar zane ta Captain Marvel Adventures a Amurka a 1943.

Sharaɗi na farko shi ne ɓoye kai. Wannan shehin makirci ya yi watanni ba a san kome nasa ba sai murya, yana ba da umarni, manyan azzalumai irin su Dakta Sivana da Kyaftin Nazi suna cewa sam'an wa ɗa'atan, har ranar da asiri ya tonu, aka tarar ashe shugaban nasu tsutsa ce mai tsawon inci 2, ta ƙwama tabarau, ta rataya 'yar rediyo a wuya domin a ji maganarta. Saboda haka, in Allah bai hore maka kwarjini ba, ka lazimci bayan labule.

Na biyu, ka kafa jam'iyya, ka raɗa mata suna mai bayyana niyya ƙarara, kamar yadda ya kira tasa Jam'iyyar Dodannin Sharri, don kada ka wahalar da hukuma wajen bincike.

Na uku, tun da yake abokin gabarka yaro ne mai suna Billy Batson, wanda ba ya rikiɗa ya zama gwarzo sai ya furta kalmar Shazam, idan ka kama shi ka ɗaure masa baki da ƙyalle, amma sako-sako, sa'an nan ka gyara murya ka yi masa doguwar huɗuba kan tadbirinka filla-filla, gama halaka maƙiyi cikin gaggawa ba ya daga ladubban wannan sana'a.

Na huɗu, ka yi haƙuri da faɗuwa, domin malamin naka babi 25 ya yi yana ƙulla sharri ana warwarewa, har 1945, sa'ad da aka gurfanar da shi gaban alƙali, aka zartar masa da hukuncin kisa a kujerar lantarki, aka cusa wa gawarsa tsumma, aka ajiye a gidan tarihi. Don haka ka rubuta wasiyya tun da wuri, ka roƙi a goge maka tabarau kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofa.